Shekarar Jan Iri

Yau kwana goma sha shida ke nan rabonmu da ruwa. Shukar da muka yi a ruwan farko ta fito har ta kai tsawon ɗan yatsa, yanzu kuwa tun kafin hantsi ganyenta yake naɗewa. Da safe na zagaya gonata ta bayan makaranta, na tsuguna na tona ƙasa har wuyan hannu ban taɓo laima ba. Ina dawowa gida na tarar da saƙo a waya, wai ofishin ɗan majalisarmu na jiha zai aiko da iri jibi saboda masu sake shuka, kuma ana so in zo in yi wa jama'a bayani kamar yadda na saba. Na zauna a kan dakali da wayar a hannu. Hajara matata ta tambaye ni sau biyu ko a kawo mini koko, ban ji ta ba. Hankalina ya riga ya koma wata damina da ta wuce shekara ashirin da ɗoriya, wadda har yau a ƙauyenmu muke kira shekarar jan iri.

A lokacin ni malamin firamare ne a ƙauyen namu da ke gefen Ɗansoshiya, kuma ina jin kaina ba kaɗan ba, don ni kaɗai ne a garin ke karanta takardar Turanci ba tare da na yi gumi ba. Daminar da ta gabaci wannan ba ta yi mana kirki ba. Ruwa ya ɗauke da wuri, dawa ba ta cika ido ba, masara kuma ta yi 'yan ƙananan goyo. Kafin bazara ta yi nisa, in ka ƙwanƙwasa rumbun mutum sai ya amsa maka kamar ganga. Zafi kuwa na shekarar nan ban manta shi ba. Kaji su buɗe baki su lafe a gindin randa, guga ya sauka rijiya ya dawo da rabin laka, in ka taka ƙasa ba takalmi bayan azahar sai ka yi rawar da ba ka shirya ba.

Sai ga ruwan farko wata ranar Laraba da yamma, mai ƙarfi, da iska da ƙamshin ƙasa. Washegari ba wanda ya kwana a baya. Maza a gaba da sungumi suna sara, mata da yara a baya suna jefa iri suna rufewa da diddige. Bayan kwana huɗu aka ƙara wani ruwan, shuka ta fito kore shar, mutane suka fara gaisawa da fara'a. Daga nan sama ta rufe bakinta. Kullum da la'asar hadari ya haɗu a gabas, ya yi baƙi, ya yi rugugi, mu kwashe shanya mu tara yara, sai iska ta zo ta watsa shi ta bar mu da ƙura a ido. A cikin mako uku shukar nan ta naɗe, ta yi fari, ta kwanta. Irin da kowa ya tanada tun kaka ya tafi a banza.

Sai na yi bayanin yadda iri yake a wurinmu, in ba haka ba abin da na aikata ba zai shiga kan kowa ba. A garinmu tun ranar girbi ake zaɓen iri. Maigida ya fitar da zangarniyar da ta fi cika da goyon masarar da ya fi tsawo, a ɗaure a rataye a saman madafi inda hayaƙi zai kore ƙwari. Daga ranar ba mai taɓa shi. Ana iya sayar da akuya, a sayar da keke, a kwana da yunwa, amma ba a sauko da rataye. Mutumin da ya ci irinsa ya nuna wa duniya ya yanke ƙauna daga Allah kuma ya kasa riƙe gidansa. Akwai wani gida a unguwar yamma da kakansu ya dafa irinsa a wata tsohuwar yunwa da ko ubana bai gan ta ba. Mutumin ya mutu, 'ya'yansa sun mutu, amma har a zamanina gidan Ci-iri ake ce musu. Jikansa Baba Haruna dattijo ne mai furfura, mai sahun gaba a masallaci, amma in yara suka yi faɗa da jikokinsa da sunan nan suke gama su. Saboda haka ka dubi babban mutum ka ce masa kada ya ci iri, daidai yake da ka ce masa kada ya yi sata. Ka riga ka zarge shi.

Wadda ta dasa mini wannan a ƙashi ita ce Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifina. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyata, kuma ba ta taɓa kiran sunana ba saboda sunan mahaifinta gare ni, sai dai ta ce Babana. Ina ɗan shekara bakwai na hau turmi na ciro goyon masara ɗaya daga rataye na gasa. Dukan da ta yi mini ranar, har na yi aure in na tuna sai na gyara zama. Mace ce doguwa, mai kaifin baki, wadda ba ta roƙon ko gishiri a maƙwabta. A shekarar da nake magana tana zaune da surukarta Larai da jikoki uku. Ɗanta Ilu ya tafi ƙodago wajen Doguwa, inda aka ce ruwa bai yanke ba, kuma tun da ya tafi ba a ji ɗuriyarsa ba.

Abinci ya koma sau ɗaya a yini, shi ma sai bayan la'asar don ya raka mutum zuwa safiya. Mata su fita tun sassafe su tsinko tafasa da yaɗiya a bakin fadama, a dafa, a matse, a barbaɗa ƙuli-ƙuli in akwai, in babu gishiri ya wadatar. Garin ɗorawa da muke ba yara don marmari ya zama abincin manya, a dama da ruwa a sha, baki ya yi rawaya, ciki ya yi ta ƙugi. Dusar da ake ba awaki aka fara tankaɗewa ana tuƙawa. Matan Fulani da suka saba shigowa da ƙwarya suna musayar nono da hatsi suka daina zuwa, shanunsu sun rame, mu ma ba mu da hatsin musayar. A aji yara su kifa kai a kan benci tun ƙarfe goma, ni ma ba ni da ƙarfin tashinsu, sai in bar su.

Ina kai wa Gwaggo ɗan abin da ya samu, kwanon dawa yau, rabin kwano bayan kwana biyar, domin gidana ma da sauƙi ne kawai. Kullum sai ta yi mini faɗa kafin ta karɓa.

"Wa ya ce maka muna nema? Ba ka ga hayaƙi a gidan nan ba?"

Hayaƙi kam akwai. Daga baya Larai ta gaya mini yawancin ranaku ruwa ne zalla a tukunyar, ana hura wuta ne don kada maƙwabta su ce gidan Asabe ba a ɗora ba.

Ranar da liman ya sa aka fita bayan gari roƙon ruwa, kowa da tsohuwar rigarsa, na tsaya sallamar yara a makaranta don in bi sahu. Sai ga a-kori-kura ta tsaya a ƙofar mai unguwa, buhuna a baya, Honarabul a gaba kusa da direba. Shi ne ɗan majalisar jiha mai wakiltarmu a lokacin, ɗan wani ƙauye ne da ba shi da nisa da namu. Ba zan ce waliyyi ba ne. Ya yi mana alkawarin kwalbati a rafin da ke raba mu da titi, wa'adinsa ya kusa rabi ba mu ga ko bulo ɗaya ba, kuma ni da bakina na sha yi masa tsiya a teburin mai shayi. Amma ranar nan da na gan shi, idonsa ya faɗa, farar rigarsa ta yi jawur da ƙurar hanya.

"Malam Idi, ina mutanen gari?"

"Suna filin idi, ranka ya daɗe. Roƙon ruwa ake yi."

"Allah ya karɓa." Ya goge fuska da hularsa. "Abinci na je nema, Malam. Sau uku ina miƙewa a zauren majalisa a kan maganar yankin nan. Na bi ofisoshi a Kano har masu gadi sun san ni. Abin da aka iya ba ni ke nan, irin masara mai saurin nuna, don in ruwa ya dawo a sake shuka."

Ya farke bakin buhu ɗaya ya ɗebo a tafinsa. Masara ce manya-manya, amma ja wur kamar an tsoma ta a galura.

"Ka ga jan nan? Guba ce, saboda ƙwari da ɓeraye. Ko an wanke ba ta fita. Ka iya karatu, ga shi nan a jikin buhun. Ina da ƙauye huɗu a gabana kafin magariba, ba zan iya jiran su ba. Ka faɗa musu da bakinka, ƙarara: kada kowa ya ci, kada a ba dabba. Mutane suna jin yunwa, Malam."

"In sha Allahu, ranka ya daɗe."

"Ka faɗa fa."

"Ai an gama."

Na karanta jikin buhun bayan tafiyarsa. Rubutun yana nan da jan tawada, har da zanen ƙoƙon kan mutum. Ba ni da wata hujja ta cewa ban sani ba.

Bayan la'asar aka taru a ƙofar mai unguwa. Yadda muke rabo shi ne a zazzage buhuna a kan tabarma, a auna da kwano gida-gida, kowa ya tara ƙwaryarsa ko bakin zanensa. Buhun da ke ɗauke da gargaɗin kuwa mai unguwa ya ninke ya shigar gida, don buhu abin amfani ne. Mai unguwa ya ce Malam Idi zai isar da saƙon Honarabul. Na miƙe. A gabana dattawa ne zaune a kan buzu, sa'o'in ubana, waninsu ma shi ya yi mini huɗuba. A tsakiyarsu ga Baba Haruna na gidan Ci-iri, ya sunkuyar da kai yana jan carbi. A bayansu samari sun jingina da katanga, kuma na san su, ina furta kalmar nan duk za su juya su dube shi. Na ji kamar Gwaggo tana tsaye a bayana da tsumagiya.

"Honarabul yana gaishe ku," na ce. "Ya ce wannan iri ne na musamman, na shuka ne. A adana shi da kyau, a nisanta shi da yara da kaji, har Allah ya kawo ruwa."

"To ai kowa ya san iri," in ji mai unguwa. "A fara awo."

Na zauna ina gaya wa kaina na faɗa. Na ce na shuka ne, na ce a nisanta da yara, mai hankali ai ya gane. Har wani daɗi na ji cewa na iya magana, na isar da saƙo ban ci mutuncin kowa ba.

Allah ya sake ba ni dama a yammacin, na sake zubar da ita. Ni na ɗauki kason gidan Ilu na kai. Gwaggo ta karɓi ƙwaryar a bakin ƙofa, ta tsoma hannu, ta dubi yatsunta.

"Babana, wannan jan fa?"

Na dubi fuskarta. Kumatunta sun zurma, amma ta ɗaura ɗankwalinta tsaf kamar mai zuwa biki. Wannan ita ce matar da ta kusa karya ni a kan goyon masara ɗaya. In ce mata kada ki ci iri? Harshena ya ƙi.

"Haka kamfani suke yin sa, Gwaggo."

"Don kada a kai kasuwa ke nan," ta ce. "Gwamnati ba ta yarda da kowa ba." Ta shige ciki.

Na ji ta, na san ta fahimta a karkace, na juya na tafi gida.

Ruwa bai zo ba. Kwana tara muka ƙara, hadari yana haɗuwa yana watsewa. Ran na goma da hantsi ina aji, sai ga Larai a bakin taga ba mayafi, tana haki.

"Malam, ka zo, Gwaggo ce."

Na tarar da ita kwance a tsakar gida, gumi ya jiƙa ta sharkaf, yawu yana zuba, hannuwanta suna karkarwa, ta yi amai har ba abin da ya rage. A gefen murhu ga tukunyar fate a rufe. A bayan ɗaki ga wata 'yar kwata da ƙasarta ta rine ja. Larai tana kuka ta gaya mini. Kwana biyu yaran ba su sa komai a ciki ba sai ganye. Jiya Gwaggo ta ɗebi rabin irin nan ta wanke shi sau bakwai har ruwan ya fita fari, ta shanya a bayan ɗaki, ta niƙa a dutse da hannunta don kada mai inji ya gani. Da safe ta dama fate da rama. Ta tura yaran tsintar kaɗanya, ta ce ita za ta fara ci, in azahar ta yi ba ta ji komai ba sai a zuba musu.

A lokacin ba waya, ba mota a garin. Na san Honarabul yana ƙauyen da ke gaba da mu ranar, ana taron gyaran famfo. Na hau keke. Ban san yadda na isa ba, na dai tuna ƙirjina yana zafi, na kutsa cikin taron ba sallama. Yana ganina ya miƙe ya bar maganar a tsakiya.

Muka dawo gari a motarsa. Shi da kansa ya kama ƙafafun Gwaggo muka sa ta a ciki, kanta a cinyar Larai. Mun haye rafin nan da ba kwalbati, mun hau titi. Can ya juyo ya dube ni.

"Ka faɗa musu?"

Na kawar da kai.

Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya juya ya ce wa direba ya ƙara wuta.

A asibiti a Tudun Wada aka karɓe ta da sauri, aka sa mata ruwa, aka yi allurai. Na nemi wuri a bakin gado zan zauna, sai na ji hannunsa a kafaɗata.

"Larai ta zauna da ita. Kai taso mu koma."

"Ranka ya daɗe, uwata ce."

"Na sani. Gida nawa aka auna wa irin nan?"

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Duk tsawon hanya Gwaggo kaɗai nake gani, ban tuna cewa kowane gida a garin akwai ƙwaryar jan iri da tukunyar da ba komai a cikinta ba.

Mun iso ana sallame la'asar. Honarabul ya roƙi liman kada kowa ya tashi, ya sa aka kira mata suka tsaya a bayan katangar masallaci. Na ɗauka zai tona ni ne. Sai ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Jama'a, kun san gidanmu, kun san ubana. Wata shekara ina yaro, mahaifiyata ta sauko da irin dawarmu daga rataye ta daka mana, mu shida muka ci. Ba don haka ba da ba na tsaye a gabanku. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau. To ni ɗan gidan da aka ci iri ne. Duk mai dariya ya fara da ni."

Samarin nan na jikin katanga kowa ya dubi ƙasa.

"Malam Idi yana da saƙon da bai gama isarwa ba."

Na miƙe. Na ce irin nan akwai guba a jikinsa. Kada kowa ya ci, ko an wanke, ko an jiƙa, ko an surfa. Na ce an ba ni saƙon nan tun ranar rabo, na ji nauyinku na ɓoye, kuma ga Gwaggona can a asibiti saboda ni. Maganar da ta gagare ni kwana goma, ban yi minti ɗaya ina faɗinta ba.

Sai Baba Haruna ya dafa sandarsa ya tashi, ya fita. Na ce a raina shi ke nan, na ci mutuncin dattijo a gaban jama'a. Jim kaɗan sai ga shi ya dawo da ƙwarya a hannu biyu, ya ajiye ta a ƙofar masallaci. Masara ce jiƙaƙƙiya, ruwan kanta ja-ja.

"Tun jiya take jiƙe," ya ce. "Da yamman nan za a kai ta dutse."

Daga nan mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Aka haƙa rami mai zurfi a bayan masallaci inda kaji ba za su tona ba. Ban ƙirga ƙoren da aka juye a ramin nan ba, kuma ba wanda ya ɗaga kai ya ga na wane ne. Abin da na sani shi ne har daga gidajen da ake ganin sun fi ƙarfin haka an fito da ƙwarya a ƙarƙashin mayafi.

Washegari da safe na koma asibiti. Gwaggo ta farfaɗo, amma ta zama 'yar ƙarama a kan gadon, muryarta sai ka sunkuya.

"Babana, yaran ba su ci ba ko?"

"Ba su ci ba, Gwaggo. An binne tukunyar."

"Madalla." Ta rufe ido ta buɗe. "Larai ta ce ka san da gubar."

"Na sani, Gwaggo. Ki yafe mini."

"Na tambaye ka a bakin ƙofa."

"Kin tambaye ni."

Ta daɗe tana kallona. Na jira faɗan da na saba, ina ma roƙon Allah ta yi shi.

"Nauyina ka ji," ta ce. "Ai ni na koya maka. Na koya maka har ya yi yawa." Ta lalubo hannuna. "Akwai saura a tukunya a ƙarƙashin gado, rabi kawai na taɓa. Kada ku bar gonar Ilu ba shuka."

Jikin da ya yi wata biyu yana cin ganye bai iya ɗaukar abin ba. Kwana na uku kafin azahar ta cika. Honarabul ya zo jana'iza, ya kama makara tare da mu, kuma a bayan motarsa akwai buhunan dawa na ci, daga rumbunsa na gida. Ilu bai iso ba sai bayan an share makoki.

Kwana biyar da binne ta ruwa ya sauko, irin wanda ake kwana ana yi. Garin duka ya fita da jan iri. Gonar Ilu gayya aka yi mata, Baba Haruna a gaba da sungumi duk da tsufansa, ni ina biye ina jefa abin da Gwaggo ta rage. Tafin hannuna ya yi ja, na wanke da toka da sabulu, kwana uku bai fita ba. Masarar nan kuwa ta yi kyan da ban taɓa gani ba, goyo biyu-biyu, cikin wata uku har an fara gasawa. Yara suna yawo da ita a hannu suna dariya. Ni ban iya sa ta a baki ba a shekarar.

Honarabul bai sake kawo iri garinmu ba sai da hatsin ci a tare da shi, ko kaɗan ne, kuma bai sake barin saƙo a hannun kowa ba, shi yake tsayawa ya faɗa. Na ji an ce ya kai maganar har zauren majalisa, cewa kada a riƙa kai wa mai yunwa iri shi kaɗai. Ban san inda ta kwana ba. Da zaɓe ya zagayo ya faɗi, kuma maganar kwalbatin nan ce ta kayar da shi. Ni dai na ba shi ƙuri'ata. Sunan gidan Ci-iri kuma tun daga ranar masallacin nan ban ƙara jin sa a bakin kowa ba.

Yanzu abubuwa sun sauya. Akwai kwalbati, akwai babura, kowa da waya a aljihu, irin ma a 'yan ƙananan leda yake zuwa da gargaɗi da Hausa a jiki. 'Yan majalisa sun zo sun wuce, wasu sun yi abin kirki wasu ko ƙurarsu ba mu gani ba. Amma duk wanda ya aiko da iri, ni nake tashi in yi bayani, ba wanda ya naɗa ni, ba kuma wanda ya isa ya hana ni. Samari har suna suka sa mini, Malam Kada-a-ci. Ina jin su, ba ya damuna.

Bara da na gama bayani, wani yaro mai gilashi daga ofishin ɗan majalisa ya yi murmushi ya ce, "Haba Baba, a zamanin nan wa zai ci iri?" Aka yi dariya, har da dattawa. Ni ban duba masu dariyar ba. Can baya wajen mata na hango wata da goyo, ta ƙanƙame ledarta a ƙirji, ta ɗaura ɗankwali tsaf, ita kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Da yamma na sa Hajara ta kai mata kwano biyu na dawa, ta ce mata sadakar Gwaggo ce.

Hadari ya haɗu ɗazu a gabas, iska ta sake watsa shi. Na ce wa Hajara ta buɗe rumbu ta auna dawa ta ajiye a gefe kafin jibi. Ta tambaye ni ta wa ce. Na ce ban sani ba tukuna, sai na ga wadda ba ta yi dariya ba.